Yadda Ake Cike Turmin Haƙori da Kwamfosit ɗin da Aka Gina a Wajen Baki

Tun ranar da na nuna wa ƙannenmu masu aikin horo hoton wani onle, wato cikon da ake ginawa a waje sannan a manna a haƙori, da na manna wa wata baiwar Allah a turminta na ƙasa, tambaya ba ta yanke ba. "Yallaɓai, ya ake yinsa tun daga farko? Ko dole sai mutum yana da injin CAD/CAM mai sassaƙa ciko da kwamfuta?" Ba dole ba ne. Da kwamfosit ɗin da ke cikin durowarka, wato farin abin cikon nan da haske ke busarwa, da silikon, da filasta, da fitila mai ƙarfi, za ka fitar da aikin da ba za ka ji kunyarsa ba.

Dalilin yinsa a waje ɗaya ne babba. Kwamfosit idan haske ya busar da shi tsukewa yake, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na girmansa. A ƙaramin rami wannan ba wani abu ba ne. A babban rami kuwa sai ya ja bangon haƙori ciki, ko ya bar 'yar kafa a baki, daga nan sai jin sanyi, sai baƙin layi, sai sabuwar ruɓa. In ka gina shi a kan model, wato kwafin haƙorin da aka zuba da filasta, tsukewar a kan tebur take ƙarewa, abin da zai tsuke a baki ɗan siririn siminti ne kawai. Ga kuma sauƙin fitar da mahaɗa mai kyau tsakaninsa da maƙwabcin haƙori. Inle shi ne wanda ya zauna a tsakanin tuddan haƙori. Onle kuwa ya hau ya rufe tudu ɗaya ko fiye. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu: wannan ciko ba matsewa ke riƙe shi ba irin ta cikon ƙarfe na amalgam, manni ne. Duk matakin da ke ƙasa hidimar mannin yake yi.

1. Zaɓen haƙorin da ya dace

Ka ɗauki eksire, ka gwada jijiya da sanyi, ka ƙwanƙwasa. Haƙorin da ke tashin mai shi da dare, ko wanda zafin sanyi ke daɗewa a cikinsa bayan ka janye audugar, ba ciko yake nema ba tukuna, aikin jijiya yake nema. In an gama wannan, onle na iya biyo baya, kuma a irin wannan haƙori tuddan duka ake rufewa.

Wanda ya dace shi ne ramin da ya ci fiye da rabin tazarar da ke tsakanin tuddai, ko ya ci gaba da baya duka, ko tudu ɗaya ya karye, ko tsohon amalgam mai faɗi da ya fara tsaga bango. Ƙaramin rami kuwa ka cike shi kai tsaye, kada ka sa mutum zuwa biyu da kuɗin lab a banza.

Gargaɗi: mutum uku ne nake ja da baya a kansu. Wanda bakin raminsa ya nutse ƙarƙashin dasashi har ba za ka iya busar da wurin ba. Wanda bakinsa duk ruɓa ce kuma bai gyara tsabta da cin zaƙi ba. Da mai cizon haƙora cikin barci har tuddansa sun baje. Na ukun ana iya yi masa, amma da sharaɗin zai riƙa sa robar dare.

2. Kayan aiki da lissafin kuɗi

A asibiti kana bukatar robar dam mai kare haƙori daga yawu da kilam ɗin da ke riƙe ta, bur ɗin dayamon (kan injin goge haƙori) mai ɗan tsukakken kai da zagayayyen baki, asid ɗin fosforik mai kashi 35 zuwa 37, bondin (ruwan manni), kwamfosit mai gudu, man gilisirin, zaren tura dasashi, silikon na ɗaukar sawu mai kauri da mai ruwa, aljinet don ɗaukar sawun haƙoran da ke fuskantarsa, abin cikon wucin gadi marar yujinol, silen mai taimaka wa siminti kama ciko, simintin resin, tef ɗin Teflon, zaren sakace, takardar cizo, da kayan gogewa. A lab kuwa filasta mai tauri nau'i na 4, man raba ciko da model, kwamfosit, da injin feshin yashi na alumina mai maikiron 50.

Akwai kwamfosit da aka yi musamman don lab, irin su SR Nexco na Ivoclar, Ceramage na Shofu, da Gradia na GC. In babu, kwamfosit mai kyau na haƙoran baya, wanda ke da yawan gari a ciki, yana yi. Mai injin CAD/CAM kuma bulo yake sassaƙawa, irin Cerasmart, Tetric CAD ko Brilliant Crios. Matakan baki duk ɗaya ne da namu.

Wajen kuɗi, kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya dubi sirinjin kwamfosit ya yanke farashi. Sirinji ɗaya yakan zo da wajen giram 4, zai yi maka onle da dama. Ba nan kuɗin yake ba. Kuɗin yana cikin silikon da bakunan gauraya shi da ake yarwa, da simintin resin wanda in ka buɗe kwanansa ya fara ƙirguwa, da ladan ɗan lab, da kuɗin kai aiki da dawo da shi, da zaman kujera sau biyu da man janareta. Kayan nan kusan duk daga waje suke, farashinsu dala yake bi, don haka lissafin bara ba zai yi maka bana ba. Ka sanar da mai haƙori tun kafin allura cewa ya fi ciko na yau da kullum tsada, amma a galibi bai kai na tangaran ba.

Gargaɗi kan ajiya: yawancin waɗannan kaya an rubuta a jikinsu kada zafi ya wuce digiri 25. Ka tuna yadda ɗakinka ke zama a watan Afrilu idan wuta ta ɗauke. Bondin da simintin resin su zauna a firiji, a fito da su kamar rabin awa kafin aiki sanyin ya sake su.

3. Launi, cizo, allura, roba

Launi ake fara zaɓa, haƙori na jiƙe, domin da zarar ya bushe ƙarƙashin roba sai ya yi fari ya yaudare ka. Sai ka sa takardar cizo ka ga inda haƙoran sama ke sauka. Bakin cikonka kada ya faɗa daidai wurin. Sannan allurar kashe zafi, sannan robar dam. Ka huda wa robar ramukan aƙalla haƙora uku, kilam ya zauna a na baya.

Na san ana cewa roba ɓata lokaci ce. Minti uku ne in hannu ya saba, kuma duk wanda ya taɓa aiki a turmin ƙasa na mutum mai yawan yawu ya san auduga ba ta isa.

4. Cire ruɓa da fasalta rami

A nan ake cin jarrabawa ko a faɗi. Ka fara share bangon rami da mahaɗar inamel (farin ɓawon haƙori) da dentin (abin da ke ƙarƙashinsa) har sai ka iske tauri mai tsabta zagaye. A ƙasa kusa da jijiya kuwa ka sassauta hannu: gara ka bar ɗan dentin mai ɗan laushi a saman jijiyar da ke da rai, ka rufe shi ruf, da ka huda ta don neman tsabtar da ba ta da amfani. In ka yi kusa ƙwarai, ɗan ɗigon abin kare jijiya irin MTA ko Biodentine ko kalsiyam haidiroksaid a wurin kaɗai, ka rufe da simintin gilas ayonoma.

Sai fasali. Bango ya buɗe zuwa sama, wajen digiri 6 zuwa 10, yadda ciko zai shiga ya fita ta hanya ɗaya ba tare da ya maƙale ba. Zurfi a wurin tauna kada ya gaza milimita 1.5, in ya kai 2 ya fi. Wuyan ramin, wato inda ya fi tsukewa, shi ma milimita 2. A nan inle ke karyewa in an yi rowa. Duk kusurwar ciki a zagaye take, kamar cikin ƙoƙo. Bakin rami kuma a tsaye yake cak, ba a yi masa gangare irin na cikon zinare, domin siririn bakin kwamfosit ɓarewa yake tun a wajen gwaji.

Daga nan ka auna tuddan da suka rage. Duk tudun da kaurin gindinsa bai kai milimita 2 ba, ko ka ga tsaga na ratsa shi, ka rage tsawonsa da milimita 1.5 zuwa 2 ka rufe shi. Yara kan ji tausayin tudu, su bar shi tsaye kamar katangar laka da damina ta cinye gindinta. Wata shida mutum ya dawo da guntun haƙori a tafin hannu.

A gefen da ke kallon maƙwabci, ka raba mahaɗar gaba ɗaya, har ka iya ganin 'yar tazara. In ba haka ba silikon zai yage a wurin, ɗan lab kuma ba zai iya raba model ba.

Gargaɗi: in ka tarar da lungu a ƙarƙashin bango, kada ka faɗaɗa rami don ka kawar da shi. Cike shi ake yi a mataki na gaba. Haƙorin da ka goge ba ya dawowa.

5. Rufe dentin nan take

Wannan mataki ne da yawa ke tsallakewa, ni kuwa ba na tsallake shi. Dentin ɗin da aka yanka yanzu shi ya fi karɓar manni, kafin yawu da simintin wucin gadi su taɓa shi. Kuma mutum ba ya shan zafin sanyi a kwanakin jira.

Ka sa asid a dentin sakan 15, ka wanke sosai, ka bar shi da ɗan danshi, kada ka busar har ya yi fari. Ka shafa bondin yadda kamfaninsa ya ce, ka hura iska a hankali, ka haska sakan 20. Sai ɗan siririn kwamfosit mai gudu a kai, da shi za ka cike lunguna ka daidaita ƙasa, ka haska. Sannan ka rufe da gilisirin ka ƙara haskawa sakan 10, domin iska na hana saman resin bushewa, wannan danƙon kuma yana ɓata silikon. Ka wanke, ka goge da garin fumis. A ƙarshe ka bi bakin inamel da bur mai laushi ka cire duk bondin da ya hau kansa. Inamel tsirara muke so ranar manni.

In bakin gefe ya ɗan nutse ƙarƙashin dasashi, ana iya ɗaga shi da kwamfosit a cikin matriks, wato siririn zirin da ake zagaye haƙori da shi, mai lanƙwasa da ya kama tam. Sharaɗin shi ne matriks ya rufe ba jini ba ruwa, kuma akwai tazara mai kyau zuwa ƙashi. In babu, sai tiyatar tsawaita haƙori. Ka ɗauki eksire ka tabbatar babu tudu ko kafa kafin ka wuce.

6. Ɗaukar sawu

Ka cire roba, ka tura zare inda baki ya yi kusa da dasashi, ka busar. Mai taimaka maka ya cika faranti da silikon mai kauri, kai kuma ka zuba mai ruwa a cikin ramin, bakin sirinji a nutse, kada ka ɗaga shi iska ta shiga. Ka danna faranti ka riƙe da hannunka har lokacin da aka rubuta ya cika. Ka duba agogo, kada ka dogara da taɓawa.

Ka fito da shi ka duba a haske. Bakin rami ya fito zagaye, ba kumfa, ba jan layi. In da shakka ka sake. Sake sawu ya fi sake onle arha nesa ba kusa ba. Sai aljinet na haƙoran da ke fuskanta, sai sawun cizo.

Gargaɗi uku a nan. Safar hannu ta latas tana hana silikon mai kauri daskarewa, a murza shi da safar naitiril. Idan ka rufe dentin nan take, ka guji abin ɗaukar sawu na foliyita, tana mannewa da resin ta yage. Aljinet kuma ba ya jira, a zuba masa filasta cikin minti 10 zuwa 15, musamman lokacin hunturu da iska ke shanye ruwan komai. Da zafi kuma a kwaɓa shi da ruwa mai sanyi, in ba haka ba ya daskare maka a kwano.

Wajen tsayar da jini, aluminiyam kuloraid ya fi. Feriki salfet yana barin baƙi kuma yana raunana manni. Ko wanne ka sa, ka wanke shi tas.

7. Cikon wucin gadi

Ka shafa ɗan basilin ko gilisirin a ramin, don kada na wucin gadi ya manne da resin ɗin da ka shimfiɗa. Sai ka danna abin ciko mai ɗan taushi da ake busarwa da haske, irin Telio ko Clip, ka sa ya ciza, ka haska. Ya taɓa maƙwabci, ya taɓa na sama, don kada haƙora su matsa.

Kada ka kusanci simintin da ke da yujinol, wato mai ƙanshin kanumfari. Yana hana resin bushewa. Kuma jiran kada ya wuce mako ɗaya zuwa biyu.

8. Gina cikon a kan model

A zuba filasta a kan injin girgiza don kumfa ta fita. Ni model biyu nake zubawa: ɗaya a yanka a fitar da haƙorin shi kaɗai, ɗaya a bar shi cikakke don gwada mahaɗa. A zana bakin rami da jan fensir mai tsini, a toshe duk ɗan lungun da ya rage da kakin zuma, a shafa siririn fenti mai ba siminti wuri amma a tsaya kamar milimita 1 kafin baki, sannan man rabawa.

Gini hawa-hawa ne, kowane hawa bai wuce milimita 2 ba, a haska sakan 20 zuwa 40. A fara da bangon gefe da mahaɗa, sai launin dentin a ƙasa, sai launin inamel a sama, tudu bayan tudu. Ka dubi ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren ka kwaikwaya. Dattijon da haƙoransa suka sha tauna ba ya bukatar kwazazzabai masu zurfi irin na littafi. Abinci kawai za su riƙa tarawa. Hawa na ƙarshe a rufe da gilisirin a haska, a ciro cikon a hankali, a haska cikinsa ma.

Sai ƙarin gashi. Zafi yana ƙara wa kwamfosit tauri da juriyar goguwa, kuma wannan na daga cikin ribar yinsa a waje. Mai tandar lab ya bi umarninta. Wanda ba shi da ita, otokilef ɗin asibiti, wato injin turara kayan aiki, a digiri 121 na minti 15 yana yi, wasu ma tafasasshen ruwa suke sa shi na minti 10. Bayan nan a mayar kan cikakken model, a daidaita mahaɗa da cizo, a goge sama da gefe har su yi sheƙi. Ciki kuwa ba a goge shi.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda ya zo daga ƙauye mai nisa, wanda ka san in ya tafi sai bayan girbi. Ka ɗauki sawu da aljinet, ka zuba masa silikon ɗin model mai saurin daskarewa, cikin 'yan mintoci ka sami model mai lanƙwasuwa, ka gina a gefen kujera, ka manna a zama ɗaya. Silikon a cikin aljinet ake zubawa, ba a cikin silikon ba, don haɗewa za su yi. Wannan ta fi dacewa da haƙori ɗaya ko biyu.

9. Gwaji a baki

Allura in da bukata, a cire na wucin gadi, a share ramin tas. Ka ɗora cikon da ɗan yatsa. In ya ƙi zama, mahaɗa za ka fara zarga, ba ciki ba. Ka ratsa zaren sakace mai taimako na danne da cikon: zare ya wuce da ɗan "ƙas". In ya ƙi wucewa ka rage kaɗan da faifai, ka sake gwadawa. In ya wuce salin-alin, ana iya ƙara kwamfosit a gefen bayan feshin yashi da bondin, kuma wannan gata ce da tangaran ba ya bayarwa cikin sauƙi. Sai ka bi baki da tsinken bincike. Kafar da tsinke ke faɗawa ciki ba aikin siminti ba ce, sake ciko ake yi.

Gargaɗi: kada ka ce "ciza mu gani" kafin manni. Na taɓa yi a farkon aikina. Wani direba ne, onle mai kyau da na kwana biyu ina alfahari da shi, na ce ya ciza a hankali. Hankalin direban babbar mota daban yake da nawa. Sai ji na yi ƙaras, ya rabu biyu daidai wuya. Cikon da ba a manna ba ba shi da abin jingina. Kuma in kana gwaji babu roba, ka shimfiɗa gauz a bayan harshe, abin ƙarami ne mai santsi, haɗiye shi ba wuya.

10. Shirya cikin cikon

A fesa masa yashin alumina mai maikiron 50 da iska mai sauƙi, mai matsin bar 1.5 zuwa 2, 'yan sakanni, har sheƙin ya tafi ya zama dusu-dusu. Ka kare baki da ɗan yatsa. A wanke da barasar asibiti, in da injin girgiza ruwa ya fi, a busar. A shafa silen a bar shi sakan 60, a busar. Sai siririn bondin, kada a haska, a rufe shi daga haske. Wasu bulon CAD/CAM suna da nasu man shafawa, ka karanta takardarsu.

In babu injin yashi, ka kakkarce cikin da bur ɗin dayamon a hankali. Bai kai yashi ba amma ya fi babu. Asid ɗin haidirofulorik na tangaran ne, ba na kwamfosit ba. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa ciki: ka manna sandar riƙo mai danƙo a samansa.

11. Shirya haƙori

Robar dam ta koma, ba ciniki. Ka naɗe maƙwabta da tef ɗin Teflon, amma ka sa robar ka gwada cikon sau ɗaya tun kafin mataki na 10 don ka tabbatar kilam da roba ba su tare hanya ba. Ka goge ramin da fumis marar mai, ko ka ɗan fesa yashi a kan resin ɗin da ka shimfiɗa a zaman farko. Asid a inamel sakan 30. Inda dentin ke buɗe, sakan 15 kawai. A wanke, a busar, inamel ya fito fari kamar alli. Sai bondin, a hura shi ya yi siriri ƙwarai, musamman a kusurwoyi.

Gargaɗi: bondin da ya taru a kusurwa aka haska shi zai hana ciko zama, ka ga ya yi tsayi ka rasa dalili. In ka riga ka rufe dentin, ba sai ka haska ba kafin ɗorawa. Kuma bondin da siminti su zama 'yan gida ɗaya, domin wasu bondin masu tsami ba sa jituwa da siminti mai busarwa biyu, wato wanda haske ke busarwa kuma yake bushewa da kansa. Ka kuma hura iskar injinka a kan madubi. In ka ga ɗigon ruwa ko mai, kwamfuresa na bukatar zubar da ruwa, kuma duk abin da ka busar da ita ka jiƙa shi ne.

12. Mannawa

Siminti mai busarwa biyu, irin Variolink Esthetic DC, RelyX Ultimate ko Panavia V5, shi ya fi sauƙi ga mai farawa, kuma shi ne zaɓi in cikon na da kauri. Ka zubar da ɗigon farko da ya fito daga bakin gauraya. Ka shafe bango da ƙasan rami, ka ɗora cikon, ka danna a hankali har siminti ya fito ta ko'ina. Inda bai fito ba, akwai rami a ƙasa.

Mai taimako ya danne da kan kayan aiki mai zagaye, kada ya saki. Ka haska sakan 1 zuwa 2 a kowane gefe, siminti ya zama kamar roba, ka ɓamɓare shi. Zaren sakace ka shigar ƙasa ka zare ta gefe, kada ka ja sama. Sai gilisirin a baki zagaye, sai haske na gaske: sakan 40 zuwa 60 ta sama, ta kunci, ta harshe. Ka riƙa hura iska don kada haƙori ya yi zafi.

Waɗanda hannunsu ya faɗa suna mannawa da kwamfosit na ciko da aka ɗumama zuwa digiri 55 zuwa 68. Ba ya gaggawa, rarar tana fita da sauƙi, baki kuma ya fi jure goguwa. Sai dai yana hucewa da sauri, yana bukatar dannawa sosai, kuma haske kaɗai ke busar da shi, don haka fitila mai rauni ko ciko mai kauri ba nasa ba ne.

Gargaɗi: sakan 2 ɗin nan in ya zama 5, za ka kwana kana sassaƙar siminti a tsakanin haƙora. Fitila kuma a cika mata caji tun da safe, a goge bakinta, a auna ta da ma'auni lokaci-lokaci. Ana son ta kai wajen miliwat 1000 a kowace murabba'in santimita. Shuɗin da ido ke gani ba shaida ba ne.

13. Cizo da gogewa

A cire roba, yanzu ne lokacin "ciza". Takardar cizo a tsaye, sannan ya goga hagu da dama. Ka rage inda ya yi tsayi da dayamon mai laushi da ruwa, ka bi da roba mai gogewa daga mai kaushi zuwa mai laushi, gefe kuma da siririn faifai da zirin gogewa a ƙasan mahaɗa. Ka ɗauki eksire ka nemi simintin da ya ɓuya. Shi ne ke sa dasashi jini bayan mako biyu. Mutum na cikin allura ba ya jin tsayi daidai, don haka ka zaunar da shi tsaye ka sake gwadawa, ka ce ya dawo bayan mako guda.

14. Abin da za ka faɗa wa mai haƙori

Ya jira allura ta sake shi kafin ya ci abinci, kada ya tauna kuncinsa. Ɗan jin sanyi na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Zafi lokacin tauna kuwa ya dawo. Sau da yawa tsayin cizo ne, minti biyu ya isa gyara shi. Ka ambata masa abubuwan da sunansu, don "abu mai tauri" ba ya shiga kunne: fasa ƙashi, ƙanƙara, busasshiyar aya, ƙwallon dabino, ɓare rake da buɗe kwalba da haƙori. Goro da shayi da taba suna rina kwamfosit, musamman a baki. Buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, mai aswaki ya ci gaba da abinsa amma ya haɗa da zaren sakace, domin tsakanin haƙora ne ruɓa ke komowa.

Duk wata shida ka duba baki da mahaɗa, ka sake gogewa in sheƙi ya dushe. In wani gefe ya ɓare ba sai an cire duka ba: roba, feshin yashi, asid a inamel ɗin da ke kusa, silen, bondin, sai sabon kwamfosit a kai. In kuwa cikon ya fita ɗungurungum, ka juya shi ka duba kafin ka mayar. Siminti ya tafi da cikon ya bar haƙori fes, matsalar daga mataki na 11 take, galibi danshi. Siminti ya zauna a haƙori ya bar cikon fes, ka koma mataki na 10.